Super Smash Bros. Melee: bugun NTSC ko na PAL?

Wasan, wanda na faɗa ne da ake cin nasara ta hanyar cilla abokin faɗa waje da fili, ya fito a kan na'urar wasa ta GameCube a Japan da Amurka a 2001, wato bugun NTSC, sunan tsarin talabijin na can. Na Turai, PAL, sai a 2002, kuma a cikinsa an rage wa manyan jaruman wasan kaifi.

Fox ne aka fi taɓawa. Nauyinsa 75 ne a NTSC, 73 a PAL, don haka yana saurin fita daga fili. Illar dukansa mai ƙarfi na sama ta sauka daga kashi 18 zuwa 17, tsallensa na komowa fili kuma ya gajarta. Marth a NTSC idan ya soka abokin faɗa ƙasa da takobi a bakin fili, shi ke nan. A PAL wanda aka soka yana iya katse faɗuwar da tsalle. Sheik ita ma ta rasa kamun da take maimaitawa, domin jifanta na ƙasa yana cilla mutum nesa. Yoshi da Kirby kuwa an ƙara musu nauyi.

PAL ya fi adalci a takarda. Sai dai mai shirin gasa ya riƙe NTSC sigar 1.02, domin shi manhajar Slippi ke buƙata don wasa ta intanet, kuma gasannin Turai ma sun koma kansa.