Karanta Zobban Rizista ko Auna Ta da Mita

Zobban launi da ke jikin rizista, wato ɗan ƙaramin kayan lantarki mai rage gudun wuta, suna nuna ƙimar da masana'anta ta yi niyya. Ruwan ƙasa, baƙi, ja da ruwan zinare na nufin om 1,000 (om shi ne ma'aunin ƙimar rizista), da yiwuwar bambancin kashi 5 cikin ɗari sama ko ƙasa, wato ƙimar tana tsakanin 950 da 1,050. Karatun yana da sauri, amma idan zafi ya ƙona rizistar, ja da ruwan ƙasa sukan rikice wa ido.

Mita kuwa, wato na'urar auna lantarki, tana faɗin ainihin ƙimar, sai dai idan rizistar tana kan allon na'ura, sauran kayan da ke haɗe da ita sukan rage adadin, don haka a kashe wuta a ɗaga ƙafa ɗaya ta rizistar daga allon kafin a auna. Wajen gyara, na fi amincewa da mita.