Fluoxetine ɗinki da amitriptyline ɗin yayarki, kowanne da kalar wahalarsa

Salam 'yar'uwa, sannu da jiki, Allah Ya ƙara afuwa. Naga tambayarki, kince likita ya ɗora ki akan fluoxetine saboda ciwon damuwa, tunda kika fara zuciyarki ke tashi, barci ya gudu, ga wani rashin natsuwa da baki saba dashi ba, alhali yayarki da take shan amitriptyline tana ajiye kai sai munshari, shine kike tambaya ko ki ajiye naki ki riƙa karɓar nata.

Dan Allah kar ki karɓa. Ba wai dan nata bashi da kyau ba, a'a, matsalar itace fluoxetine yana daɗewa a jiki, ko yau kika daina sai yayi makonni bai gama fita ba, kuma yana hana hanta sarrafa amitriptyline yadda ya kamata, to in kika ɗora nata akan ragowar naki sai ya taru a jini fiye da ƙima, shi kuma in yayi yawa zuciya yake taɓawa. Idan ma canjin za'ayi likita ne zai tsara. Ni ba likitarki bace, amma na daɗe ina aikin bada magani, bari in jera miki su gefe da gefe kiga ba banza yayar taki take samun barcin nan ba.

Amitriptyline tsoho ne, tun 1961 aka fara amfani dashi a Amurka, shi kuma naki a ƙarshen 1987 aka amince dashi can da sunan Prozac. Dukkansu suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma zaki ga ana rubuta su a asibitocin ƙwaƙwalwa, ko a Dawanau ne ko Kware ko Barnawa ko sashen ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano. Wajen maganin damuwar kusan kunnen doki suke, inda suka rabu shine abinda suke yiwa jiki kafin amfanin ya iso. Kuma dukkansu halinsu ɗaya a nan, wahalar ke riga zuwa tun kwanakin farko, sauƙin kuma sai anyi sati 2 zuwa 4, wani ma sai 6. A wannan tsakanin mutane da yawa ke jefar da maganin suce bai karɓe su ba.

Naki na safe ne. Tada mutum yake, shi yasa ake cewa a sha da safe, kuma wallahi nasha ganin wadda take haɗiyarsa bayan isha'i dan kawai a lokacin take tunawa, sannan tazo tana kukan har asuba idonta biyu. In haka kike to ki dawo dashi safe, wannan kaɗai yana iya gyara rabin matsalar. Sannan ki rage shayi mai kauri da Nescafe da goro daga azahar zuwa dare. Nata kuwa na dare ne, kwantar da mutum yake, amma fa barcin baya tsayawa inda kike so, da safe zata tashi kai yayi nauyi, jiki a mace, wata sai hantsi take dawowa daidai. Dabarar itace a sha da wuri, kamar awa 2 kafin kwanciya, ba sha biyun dare ba. Mai tuƙa adaidaita ko mai aiki da inji sai yayi hattara sosai a farkon shansa.

Zancen ciki. Tashin zuciyar nan ba wai maganin ya ɓata miki wani abu bane, sinadarin da yake ƙarawa a ƙwaƙwalwa mafi yawansa a hanji yake, to hanjin ne ke fara jin canjin. Kar ki sha da ciki wayam, ki fara sa wani abu, koko da ƙosai ko burodi ko ɗumame, ki rage maiƙo da yaji na ɗan lokaci, kici kaɗan-kaɗan maimakon ki cika ciki lokaci ɗaya. Yawanci cikin sati 1 zuwa 2 yake lafawa, haka ciwon kai da ɗan zawon da wasu keyi. In yayi tsanani ki gaya wa likita, akan iya farawa da miligiram 10 na sati guda kafin a hau 20. Yayarki kuma akasin haka, nata ɗaure ciki yake, bayan gida yayi tauri, baki ya bushe ƙamas har magana ta riƙa maƙalewa, ido yana ɗan hazo in zata karanta abu kusa. Tambayeta ki ji, zaki samu da gorar ruwa a gefen gado take kwana. Ita abinda zai taimaketa ruwa akai-akai, cingam mara suga, asuwaki, sai zogale da wake da gwanda da kuɓewa saboda cikin. Bushewar bakin kan ragu amma ba lallai ta tafi gaba ɗaya ba, saɓanin tashin zuciyarki da yawanci wucewa yake.

Akwai kuma jiri. Amitriptyline yana sa jini ya sauka in mutum ya miƙe da sauri, zaki ga an tashi alwalar asuba an zabura daga katifa sai duhu ya rufe ido a dafe bango, ko an ɗago daga sujada a ji ƙasa na juyawa. A fara zama bakin gado, a sauke ƙafa, a ɗan jira sannan a miƙe. Shi yasa ba'a cika son bawa tsofaffi shi ba, haka mai ciwon zuciya, mai hawan jinin ido, da dattijon da dama fitsari ke masa wahala, dan yana iya riƙe fitsarin. Ƙiba ma ya fi naki kawowa, yana buɗe ciki da kwaɗayin zaƙi, naki kuwa a farko ma rage cin abinci yake.

To ga wanda ba'a faɗa a gaban likita saboda kunya, kuma a nan naki ya fi laifi. Fluoxetine da danginsa suna rage sha'awa, mace taji bata marmarin mijinta ko ta kasa gamsuwa, namiji kuma ya daɗe bai kawo ba. Nata ma yana taɓawa, amma an fi kuka da naki. Wannan ba kamar tashin zuciya bane da zaki ce bari in daure sati 2, sau da yawa yana nan muddin ana shan maganin, kuma in baki san daga ina yake ba sai ki fara zargin kanki ko shi ya fara zarginki, daga nan a tafi neman kayan mata da haɗe-haɗen da ba'a san me ke ciki ba. Ki faɗa wa likita kai tsaye, ba sabon abu bane a kunnensa, ana iya daidaita yawan maganin ko a canza wani. Ita kanta damuwar tana kashe sha'awa, dan haka ki lura ko abin ya riga maganin ko bayansa yazo. In kina da ciki ko goyo ko kina nema shima ki faɗa, mai shayarwa an fi karkata zuwa sertraline.

Wani abu, kin tabbata ma damuwa ake yiwa yayarki magani? Ana bada amitriptyline kaɗan, miligiram 10 ko 25, dan ciwon jijiya ko ciwon ɓarin kai, na damuwa kuwa sai an hau a hankali zuwa 75 ko 100 ko sama, kuma a can ne bushewar baki da jirin ke nuna kansu sosai. Kinga ba lallai abu ɗaya kuke kwatantawa ba.

Shiga kemis kuma, kar ki sayi komai baki ce ga abinda kike sha ba. Tramol baya haɗuwa da ko ɗaya a cikinsu, yana iya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya ko zazzaɓi da gumi da karkarwa da ruɗewa. Naki in aka haɗa da ibuprofen ko diclofenac akai-akai yana ƙara haɗarin zubar jini a ciki, paracetamol ya fi miki. Nata kuma baya shiri da maganin maleriya irin Coartem, ta faɗa kafin a bata. Kuma ta kulle shi inda yara basa kaiwa, ƙwayoyin ƙanana ne amma in aka sha da yawa kisa yake, naki bai kai shi haɗari ta wannan fuskar ba, yana ma cikin dalilan da likitoci ke fara zaɓarsa.

Wanda bana so ki daure masa ko na kwana ɗaya: in kika ji tunanin cutar da kanki ko gara mutuwa yana zuwa ko yana ƙaruwa, wannan yakan faru a makonnin farko musamman ga 'yan ƙasa da shekara 25, ki gaya wa wani a gida yanzu ku tafi asibiti, kar ki jira ranar da aka rubuta miki a kati. Haka in kika kwana biyu uku ba barci kuma baki jin gajiya, surutu ya ƙaru, kina ta kashe kuɗi, ko rashin natsuwar ya kai ki kasa zama waje ɗaya, ko ƙuraje suka feso.

In azumi yazo naki a sha da sahur bayan anci abinci, nata bayan isha'i, duk da ita zata fi jin jiki da rana saboda bakin. In kika manta kwana ɗaya kar ki haɗa biyu washegari, ki cigaba kawai, naki dama yana da saura a jiki. Nata in ta yanke lokaci ɗaya zata iya jin tashin zuciya da ciwon kai da munanan mafarkai, sai an riƙa ragewa a hankali. Kuma ko kin ji garau ana cigaba da sha aƙalla wata 6 bayan nan dan kar ciwon ya dawo, ki sa wannan a lissafin kuɗin magani tun yanzu.