Famfo, bentori ko injin zuƙar ƙura: wanne zai riƙe maka falanki a sama?

Malam, ka ce kai kaɗai kake aiki a shagon kafinta, bayanka ya fara ciwo saboda ɗaga manyan falankai zuwa teburin zarto, kana so ka haɗa na'urar da ke kama falanki da zuƙar iska ka rataye ta a kura mai sarƙa. Kana da kwamfaresa, kana da famfon da masu gyaran firji ke zuƙe iska da shi, kana kuma da injin zuƙar ƙura, kana tambaya wanne za ka ɗora aikin a kai. Ka ce yawancin kayanka MDF ne, wato falankin da ake yi da matsattsen garin katako, da filawud, wani lokaci da mai rufin melamin.

Bari mu fara da lissafi, domin shi zai nuna maka inda matsalar take. Iskar da ke kewaye da mu tana danna kowace santimita murabba'i da nauyin kilo 1 da ɗan kai. In ka zuƙe kashi 60 cikin ɗari na iskar da ke ƙarƙashin faifan roba, kowace santimita murabba'i za ta riƙe kusan kilo 0.6. Faifai mai faɗin santimita 15 yana da fili santimita murabba'i 177, wato ya riƙe fiye da kilo 100. Guda huɗu sun haura kilo 400. Shi kuwa falankin MDF mai kaurin milimita 18, mai tsawon 2440 da faɗin 1220, nauyinsa wajen kilo 40 ne. Ka ga ƙarfin riƙo ba shi ne abin damuwa ba. Abin damuwa biyu ne: shin iska na ratsa jikin falankin, kuma me zai faru a daƙiƙar da aka ɗauke wuta alhali kayan na reto a sama.

Famfon firji yana zuƙa da zurfi ƙwarai, yana kusan ƙwaƙule iskar gaba ɗaya, amma kaɗan-kaɗan yake ja. Ƙananan da aka saba gani ba su wuce lita 50 zuwa 170 a minti ba. A kan gilashi, farantin ƙarfe ko falanki mai rufin melamin, wannan ya isa har ya yi yawa, domin da zarar faifan ya kama babu inda iska za ta shiga. Ka sa masa tanki da bawul mai hana iska komawa, ko an ɗauke wuta kayan na nan manne na mintuna. A kan tsurar MDF labari ya sha bamban. Ido na ganinsa sumul, amma jikinsa cike yake da ƙananan ƙofofi, iska na bi ta cikinsa daga ƙasa zuwa sama. Famfon zai yi ta ja kamar mai ɗibar ruwa da kwando, allurar geji ta ƙi hawa. Ga shi kuma an ƙera shi ne don ya yi aiki a rufaffen bututu: in iska na ta wucewa ta cikinsa sai ya riƙa fesa hayaƙin mai, ya yi zafi, ƙurar katako kuma ta gurɓata mansa. Hayaƙin nan ba abin shaƙa ba ne, kuma yana iya sauka a kan katakon da za ka yi wa fenti.

Injin zuƙar ƙura kishiyarsa ne. Yana jan iska lita 2,000 zuwa 4,000 a minti, don haka yoyon MDF ba ya damunsa ko kaɗan. Sai dai zuƙarsa ba ta da zurfi, kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ne galibi. Faifan nan huɗu da suka riƙe kilo 400 da famfo, a nan wajen kilo 100 zuwa 140 kawai za su riƙe. Ana magance wannan da babban faifai: akwati mai santimita 30 da 60 yana da fili murabba'i 1,800, ya riƙe kilo 270 ko a kashi 15. Mutane da yawa sun yi haka kuma ya ɗaga. Ni dai ba zan ba ka shawararsa ba, dalilina kuwa ɗaya ne: wuta na ɗaukewa, ko wani ya yi tuntuɓe da waya, falankin ya taho ƙasa nan take. Babu tankin da zai cece ka, domin zuƙar ba ta da zurfin da za a ajiye. Kilo 40 da ya faɗo da gefensa ya isa ya karya ƙafa.

Na ukun shi ne ka yi amfani da kwamfaresarka ta hanyar bentori, wani ɗan bututu mai matsattsen wuya da aka sa wa sunan masanin Italiya Giovanni Battista Venturi. Iska mai matsin bar 4 zuwa 6 (bar ma'aunin matsin iska ne) tana wucewa ta wuyan da gudu, sai ta ja iskar gefe ta tafi da ita. Ba shi da wani abu mai juyawa, ƙura ba ta kashe shi, yana kai kashi 80 da ɗoriya a kan abu marar yoyo. Bentori mai hawa ɗaya, wato mai wuya guda, yana cin iska fiye da yadda yake zuƙa, ga ƙara mai huda kunne in ba a sa masa abin rage ƙara ba. Mai hawa-hawa, wato mai wuyoyi da yawa a jere, ya fi shi nesa ba kusa ba wajen jan iska da yawa, shi ne kuma ya dace da katako mai yoyo. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne tankin kwamfaresa: in an ɗauke wuta, iskar da ke ciki na ci gaba da ciyar da bentorin, ka sami lokacin sauke kaya cikin natsuwa. Sharaɗin shi ne kwamfaresar ta iya biyan buƙatarsa. Duba yawan iskar da bentorin ke ci a takardarsa, ka gwada da abin da injinka ke fitarwa. In ƙarama ce, za ta yi ta gudu ba hutu, matsin ya riƙa sauka kana tsakiyar aiki.

Saboda haka, da irin kayan da ka lissafa, bentori mai hawa-hawa nake zaɓa maka, famfon firjin ka bar shi ga ranar da gilashi ko melamin zalla za ka ɗaga. In wata rana ka samu famfo busasshe marar mai, mai jan iska da yawa, irin wanda masana'antu ke sawa a na'urorin ɗaga katako, ya fi duka ukun.

Kowanne ka ɗauka, akwai abubuwan da ba a yi musu ragi. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 13155 ta ce na'urar ɗagawa da zuƙa ta iya riƙe aƙalla ninki biyu na nauyin da aka rubuta mata, ta kasance da geji da mai aiki ke gani, da ƙararrawar gargaɗi in zuƙa ta yi ƙasa, kuma sakin kaya ya buƙaci motsi biyu don kada gwiwar hannu ta bugi bawul kaya su zube. A Amurka ƙa'ida mai lamba ASME B30.20 ce ke kula da wannan. Ba don kai aka rubuta su ba, amma ƙafarka da ta ma'aikacin masana'anta iri ɗaya ce.

Ka kula sosai in za ka ɗauko falanki a tsaye daga jingina. A kwance, zuƙa ce ke riƙe shi kai tsaye. A tsaye kuwa gogayyar roba da katako ce kaɗai ke hana shi zamewa, ita kuma kusan rabin ƙarfin zuƙar take bayarwa a busasshen wuri, ta yi ƙasa da haka sosai in akwai ƙura ko maiƙo. Shi ya sa ake ninka lissafin sau huɗu a tsaye. Siririn falanki kuma yana lanƙwasa, gefen faifai ya ɗago, iska ta kutsa. Baza faifan a kan firam, kowanne wajen kashi ɗaya cikin biyar na tsawon daga bakin. Tsurar MDF tana da wata ɗabi'a: zuƙar na ratsa na sama ta kama na ƙarƙashinsa, ya biyo shi sama, can ya saki. Ɗaga kaɗan, ka tabbata guda ɗaya ya taso.

Leɓen faifan ka yi shi da soson roba mai rufaffun ƙofofi, irin EPDM, ba soson katifa ba. Tiyo ya zama mai waya a ciki don kada ya shafe. Tankin ajiya na ƙarfe, tsohon tankin kwamfaresa ya wadatar; duro na roba murƙushewa zai yi. Sa matata kafin bawul, domin ƙwayar ƙura ɗaya na iya hana shi rufewa. Sannan gungumen da za ka rataye kurar a jikinsa ka lissafa masa nauyin firam da kura da falanki gaba ɗaya.

Kafin ka fara aiki da ita, ɗaga mafi yoyon falankinka santimita 5 daga ƙasa, ka ɗora masa wani nauyi daidai da nasa, ka kashe wuta daga soket, ka duba agogo. In bai tsaya ya ninka lokacin da kake buƙata ka sauke shi daga tsayin teburinka ba, ƙara girman faifai ko na tanki ka sake gwadawa.