Bocchi the Rock!: abin da na gani bayan kallon kashi 12

Na kalli Bocchi the Rock! a manhajar kallon bidiyo ta Crunchyroll, a wayata, kuma ina ganin ya cancanci datar da ya ci. Zane ne mai motsi na ƙasar Japan da kamfanin CloverWorks ya fitar daga Oktoba zuwa Disamba 2022, an ɗauko shi daga littafin zane na Aki Hamaji. Kashi 12 ne, kowanne bai kai minti 25 ba.

Labarin Hitori Gotoh ne, ’yar sakandare da ko gaisuwa ba ta iya haɗawa ba tare da muryarta ta sarƙe ba. Ta ari jitar mahaifinta, ta shige kabad ɗin ɗakinta, ta yi shekara uku tana koyo, awa shida a kullum. A intanet dubban mutane na bin ta da sunan guitarhero, amma a aji ba ta da ƙawa ko ɗaya. Wata rana Nijika, mai kaɗa ganguna, ta tsince ta zaune ita kaɗai a filin wasan yara, ta ja ta zuwa STARRY, wani ɗan gidan kiɗa na ƙarƙashin ƙasa a unguwar Shimokitazawa ta Tokyo, don ta cike gurbin wadda ta gudu daga ƙungiyarsu ta kiɗa, Kessoku Band. A wannan wasa na farko Hitori a cikin kwalin mangwaro ta ɓuya ta yi kiɗan, kuma kiɗan bai yi daɗi ba, domin wanda ya saba kaɗawa shi kaɗai bai san jiran ɗan'uwansa ba.

Abin da ya sa na riƙe shirin a raina shi ne bai warkar da ita ba. Na san wannan tsoro a jikina: waya tana ƙara kana kallonta har ta tsinke, ka tsara magana tun daga gida, ka isa wurin ta bi ruwa. A wajenmu yaro irin wannan sai a ce ai mai kunya ne, a yaba masa, ba mai tambayar abin da ke cin sa. Shi ya sa nake jin haushin labaran da mai tsoron jama'a zai hau dandamali sau ɗaya ya sauko ya zama zakara. A nan ba haka ba ne. Hitori tana matsawa ne kaɗan-kaɗan, wani lokaci ta koma baya.

Kashi na 6 ya fi kowanne taɓa ni. An ɗora mata sayar da tikiti biyar na wasan da ƙungiyarsu za ta yi, iyayenta suka ɗauki biyu, sauran ukun suka tsaya mata a wuya. Ta haɗu da Kikuri, wata tsohuwar hannu a harkar, wadda ta sa ta yi kiɗa a bakin titi. Hitori ta fara idonta a rufe gam. Da wata mai kallo ta ɗaga murya ta ƙarfafa mata gwiwa, sai ta buɗe ido ɗaya, ta ga ashe ba wanda ya tsaya don ya yi mata dariya. Ido ɗaya tak. ’Yan mata biyu suka sayi tikiti, kuma a kashi na 8, ranar da guguwa ta hana mutane fitowa, suna cikin ’yan tsirarun da suka zo. A ranar waƙar farko ta lalace, masu kallo na ta latsa waya, hannun Nijika ya rikice, muryar Kita, mawaƙiyar ƙungiyar, tana rawa. Hitori ce, wadda ta fi kowa tsoro, ta taka na'urar da ke gaban ƙafarta ta ɓarke da kiɗa ita kaɗai har sauran suka dawo hayyacinsu. Ba ta ce uffan ba. Yatsunta sun san aikin da bakinta ya kasa, kuma a karon farko ta yi amfani da su don wasu.

Na kuma ji daɗin Ryo, mai kaɗa jitar bass ta ƙungiyar. Lokacin da Hitori ta rubuta baitoci na fara'a don kada ta ɓata wa kowa, Ryo ta ce mata ta rubuta abin da ke zuciyarta ko da duhu ne, domin ita kanta ta bar tsohuwar ƙungiyarta ne da suka koma bin abin da kasuwa ke so.

Akwai inda ban gamsu ba. Duk lokacin da tsoro ya kama Hitori, masu zanen sukan narkar da fuskarta ko su mayar da ita ƙura, wani lokaci su sako hoton gaske a tsakiyar zane. Akwai fasaha a ciki, kuma sau da yawa haka abin yake a cikin kai, amma a wasu wurare an maimaita har na ji ana dariyar ciwon ne. Shaye-shayen Kikuri ma an mayar da shi abin raha, alhali mace ce da ke sha don gudun damuwarta. Iyayen da za su kalla tare da yara su san da wannan. Sannan maganganun zucin Hitori suna gudu, fassarar da ke ƙasan allo takan wuce kafin ka gama karantawa, sai ka riƙa mayarwa baya.

A kashi na ƙarshe, a bikin makarantarsu, tsirkiyar jitarta ta tsinke ana tsaka da waƙa. Kita ta rufa mata asiri da nata kiɗan, ita kuma ta ɗauki kwalbar da ke yashe a dandamali ta riƙa goga ta a kan sauran tsirkiyoyin har ta kai ƙarshe. Da aka miƙa mata makirufo ta ce wani abu, sai ta ruɗe ta yi tsalle cikin jama'a, ba wanda ya tare ta, ta farka a ɗakin jinyar makaranta. Wannan haɗin na gwaninta da ruɗewa a rana ɗaya shi ne gaskiyar da na zo nema.

A saka abin sauraro a kunne idan za a kalla, domin lasifikar waya tana cinye kaurin jitar Ryo. Kundin waƙoƙin Kessoku Band ya fito a Disamba 2022, an kuma sanar da zango na biyu a 2025, kuma ina jiran sa.