Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Jihar New York: yadda na same ta

Wani kamfanin kula da tsofaffi ya ce ba zai ɗauke ni aiki ba sai na cire hijabi. Na kai ƙorafi wannan hukuma, mai babban ofishi a Fordham Plaza cikin Bronx, kuma na yaba.

Ko sisi ban biya ba, ban ɗauki lauya ba. Na cika takarda, suka aika wa kamfanin ya kare kansa, sannan suka turo mini amsarsa domin in mayar da martani. Nan ne hankalina ya kwanta, don ba a yi komai a bayan idona ba. Mai binciken ta nemi sunayen shaidu da saƙonnin waya. 'Yan uwa mata, ku riƙa adana saƙonni, su suka tsaya mini.

Idan suka ga ƙorafi na da tushe, sai a yi sulhu ko a tafi gaban alƙalin hukumar, wanda zai saurari kowa. Ana iya umartar kamfani ya biya diyya, ya ɗauki mutum aiki, har da tara. Nawa ya ƙare a sulhu.

Dokar jihar da ta hana nuna wariya ta samo asali tun 1945, kuma a 2019 aka fayyace kariyar suturar addini a wurin aiki. Idan abin ya faru ne daga 15 ga Fabrairun 2024 zuwa yanzu, wa'adin kai ƙorafi shekara 3 ne. Amma ku yi shawara tukuna: wanda ya zaɓi hukumar, galibi ba zai sake kai maganar kotun jiha ba.