Karatun ƙarshen mako ko na intanet zalla: wanne ya kamata ma'aikaci ya ɗauka a digiri na biyu?

Malam, a cikin takardun shiga biyun da ka ce suna hannunka, wato ta jami'ar fasaha mai darasi a ƙarshen mako da ta makarantar da komai nata a intanet yake kuma ɗalibi ke karatu duk lokacin da ya ga dama, ka karɓi ta farko. Na shiga tsarin biyu duka, na kammala ɗaya, ɗayan kuwa kuɗina kawai ya ci.

Sassaucin da ake rubutawa a talla ba ya rage ko awa ɗaya daga nauyin karatun. A tsarin Birtaniya, digiri na biyu kiredit 180 ne, kuma ana ƙiyasta kowane kiredit da awa 10 ta darasi da nazari da rubutu, jimilla awa 1,800 ke nan. Idan ka raba wannan a shekara 2, za ka ga ana bin ka fiye da awa 17 a kowane mako, ba tare da an cire makon rashin lafiya ko na tafiyar aiki ba. Duk makarantar kirki, ko a aji take ko a intanet, kwatankwacin wannan kaya za ta ɗora maka. Inda suka bambanta shi ne ko akwai wanda zai tsaya a kanka har ka sauke shi.

Ni aikina kula da sito ne da jigilar kaya, kuma a wannan fanni na yi digirina na ƙarshen mako. A zango na biyu ɗana ya kwanta asibiti, na rasa darasi mako biyu a jere, har na fara tunanin ajiye karatun. Ranar Asabar ta uku da sassafe sai ga kiran wani abokin karatuna, mutumin da ya girme ni da kusan shekara goma, ya ce ya kwafo mini duk abin da aka yi, kuma rukuninmu ya jinkirta gabatar da aikin jinga har sai na dawo. Kunyar mutanen nan huɗu ce ta mayar da ni aji, ba ƙwazona ba. Malamin da ya duba kundin bincikena kuwa ya shafe shekaru yana aiki a masana'anta kafin ya koma koyarwa, kuma da na kawo masa batu mai faɗi irin wanda ake kwasowa a littafi, sai ya tura mini takardar ya ce in je in kawo masa rajistar shige da ficen kaya ta wurin aikina ta wata shida. A cikin wannan rajista muka gano cewa jinkirin da muka daɗe muna ɗora wa direbobi yana faruwa ne a teburin sa hannu, inda takarda ke kwana tana jiran mutum ɗaya. Kundin ya zama rahoton da na miƙa wa shugabanni, aka gyara tsarin, kuma a kansa aka yi mini yawancin tambayoyi ranar da na nemi ƙarin girma. Irin wannan amfani ne makarantar da ta fuskanci aiki take bayarwa: abin da ka koya ranar Asabar kana gwada shi ranar Litinin, idan bai yi aiki ba ka koma wa malamin da hujja.

Na intanet ɗin, wanda na fara gwadawa shekara biyu kafin wannan, na biya zango ɗaya, na kalli bidiyo huɗu, kullum ina cewa gobe, har wa'adin rajistata ya ƙare babu wanda ya tambayi inda na shiga. Ba zan ce tsarin ba shi da amfani ba. Jami'ar Open University ta Birtaniya tun 1969 aka kafa ta domin karatu daga nesa, kuma Georgia Tech ta Amurka ta fara digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta ta intanet a 2014, babu mai raina takardunsu. Amma ka lura waɗannan suna da ranar buɗe zango da ranar miƙa aiki da jarrabawa, saɓanin wadda ka kwatanta mana, mai barin ɗalibi da kansa. Idan aikinka na karɓa-karɓa ne ko kana yawan tafiya ta yadda ba ka da Asabar tabbatacciya, to a nan kaɗai zan ce ka duba na intanet, shi ma mai jadawali.

Akwai masu cewa takardar makarantar fasaha ba ta kai ta tsohuwar jami'a daraja ba, kuma wannan magana ta tsufa. A 1992 aka ba kwalejojin fasaha na Birtaniya damar zama jami'o'i, kuma a Jamus jami'o'in ilimin aikace suna ba da digiri na biyu wanda matakinsa ɗaya da na sauran jami'o'i, bayan gyaran da ya biyo bayan yarjejeniyar Bologna ta 1999, wadda ta daidaita matakan digiri a ƙasashen Turai. Mai ɗaukar ma'aikata abin da yake so ya ji shi ne me ka iya yi. Togaciya ɗaya ce: idan burinka digiri na uku ne da koyarwa a jami'a, ka tambaya ko shirin yana da kundin bincike cikakke da darasin dabarun bincike, domin wasu shirye-shiryen aiki zalla suna maye gurbin kundin da rahoton aiki, kuma ba kowace jami'a ce ke karɓar hakan a matsayin share fagen digiri na uku ba.

Wata tambayar da ban san in yi ba a karon farko ita ce ta mafita. A tsarin Birtaniya da na ambata, wanda ya ci kiredit 60 ya tsaya yana iya fita da satifiket na gaba da digiri, wanda ya kai 120 ya fita da difloma, kiredit 60 na ƙarshe kuwa yawanci na kundi ne. Ka tambayi makarantun biyu a rubuce ko suna da irin waɗannan matakai, ko ana iya jingine zango a dawo, da kuma iyakar shekarun da aka yarda ɗalibi ya yi kafin a soke rajistarsa.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da dillalai. A 2015 jaridar New York Times ta bankaɗo wani kamfani a Karachi ta Pakistan da ke gudanar da ɗaruruwan shafukan makarantun bogi yana sayar da takardun digiri a faɗin duniya, shafukan kuma ɗauke da hotunan harabar makaranta da malaman da babu su. Masu irin wannan sana'a har hukumar tantancewa ta ƙarya suke ƙirƙira domin ta tantance su, saboda haka tambarin da ke shafin makaranta ba hujja ba ne. Ka je shafin hukumar gwamnati mai kula da manyan makarantu a ƙasar da makarantar take, ka nemi sunanta da kanka, sa'annan ka tabbatar an amince da shi kansa kwas ɗin, musamman idan sana'arka tana da ƙungiyar ƙwararru mai ba da lasisi. Idan MBA ce, wato digiri na biyu a gudanar da kasuwanci, hukumomin tantancewa da aka sani a duniya su ne AACSB da AMBA da EFMD mai ba da shaidar EQUIS, kuma kowacce tana wallafa jerin makarantun da ta amince da su. Duk wanda ya yi maka alkawarin digiri na biyu cikin 'yan watanni saboda gogewarka a aiki, ko ya ce babu jarrabawa, ko ya matsa maka ka biya yau domin rangwame zai ƙare gobe, ko ya ba ka asusun wani mutum maimakon na makaranta, ka rabu da shi. Ka kuma karanta sunan makarantar harafi bayan harafi, domin sukan ɗauki sunan fitacciyar jami'a su sauya kalma ɗaya.

Saboda haka ka cike ta ƙarshen makon. Kafin ka biya, ka nemi izinin zama a darasi ɗaya ka ga malaman da idonka, ka karɓi jadawalin jarrabawa na shekarar, domin wasu makarantun suna yin darasi Asabar amma su sa jarrabawa a ranakun aiki, sa'annan ka kai wa shugabanka wannan jadawali ya amince maka a rubuce.