Ranar Masu Ciwon Suga a Ƙaramin Asibitin Garinmu

Wata takwas ke nan ina kai mahaifiyata ƙaramin asibitin garinmu da ke yankin Ringim, duk Larabar farkon wata, ranar da aka ware wa masu ciwon suga da hawan jini. Da sassafe ake hallara ba tare da an karya kumallo ba, domin awon yana bukatar mutum ya yi aƙalla awa takwas bai ci komai ba. Jami'ar lafiyar takan huda yatsa, ta ɗiga jinin a tsinken na'ura, ta rubuta sakamakon a littafin kowa, kuma daga bakinta muka fara jin cewa idan awo ya kai 126 ko ya haura, aka kuma maimaita aka sami haka, to ciwon ya tabbata. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta sallamar tsohuwa sai ta ce, "Inna, cire takalmin in duba ƙafarki," ta bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya tana neman gyambon da mai shi ba ya ji.

Tsinken awo yakan ƙare, maganin suga na metformin ma sau biyu sai a kemis muka saye shi. Wannan zan iya jurewa. Abin da ke damuna shi ne majinyaci kaɗai ake yi wa bayanin abinci, alhali Inna ba ita ke riƙe da tukunya ba, surukarta ce, kuma tukunya ɗaya gidan duka ke ci.

A matsayina na malamin makaranta na karanta abin da ya sami wasu ƙasashen tsibirai, kuma ya tsorata ni. Nauru, a Tekun Pasifik, ta sami 'yanci a 1968 tana cikin arzikin ma'adinin fosfet, mutanenta suka bar kifi da kwakwa suka koma farar shinkafa da abincin gwangwani da ake shigowa da su. A 1975 binciken likitan Ostireliya Paul Zimmet ya gano kusan kashi ɗaya cikin uku na manyansu suna da ciwon suga. Don rage irin wannan ciwo, maƙwabtanta sun ɗauki mataki: Fiji ta haramta sayar da haƙarƙarin tumaki mai kitse a 2000, Samowa ta hana shigo da jelar talotalo a 2007, amma shigarta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2012 ta sa ta janye hanin. Duk lokacin da na ga taliya da lemon kwalba suna ture gero da dawa a gidajenmu, har a bikin suna, Nauru nake tunawa.

Kyuba kuwa tun 1984 ta ɗora tsarin lafiyarta a kan likitan iyali da ma'aikaciyar jinya da ke zaune cikin unguwa suna shiga gida gida. Ba mu da likitocin da za su ishe mu haka, amma ba kuɗi ake bukata ba kafin a ce kowane majinyaci ya zo da mai yi masa girki.

Ina ba duk mai dattijo a gida shawarar ya kai shi wannan awon. A watan jiya na tafi da maiɗakina, jami'ar ta nuna mata ƙaramin cokalin shayi, ta ce gishirin mutum na yini guda, har da wanda ke cikin magi, kada ya cika shi. Tun daga ranar take dama wa Inna kununta daban, ba sukari.